Na haddace izu 20, amma Bayoloji ya ƙi zama a kaina

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya, shekarata 17. Saura kamar wata uku mu rubuta JAMB, ga WAEC da NECO suna biye. Burina in karanci aikin jinya. Wallahi Malama ina karatu. Da rana aikin gida ba ya barina, ni ce babbar mace a ɗakinmu, don haka sai kowa ya kwanta nake ɗaukar littafi, in sha shayi mai ƙarfi in kai ƙarfe biyu ko uku na dare. Littafina na Bayoloji na karance shi tas sau uku, duk na bi shi da jan biro. Ina karantawa ina ganewa. Amma da aka yi mana jarrabawar gwaji, ina buɗe takarda komai ya ɓace min ɓat, 38 na ci cikin 100. Abin da ya fi ɗaure min kai, a Islamiyya na haddace izu 20, kuma har yau suna nan. Gwaggona ta ce baki ne ya kama ni, ta karɓo min rubutu. Wata ƙawata kuma ta ce akwai ƙwayar da take sha ta kwana tana karatu, za ta sam min. Ina tsoron in faɗi, don da ƙyar Abba ya haɗa kuɗin rajista. Ki taimaka min da shawara.

Ɗalibarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa Abbanki da alheri.

Zan fara da ƙwayar nan, don ita ce maganar da ba ta jira. Kada ki karɓa, ko da ta ce ta ciwon kai ce. Ba ki san sunanta ba, ba ki san abin da ke cikinta ba, kuma ba likita ne ya rubuta miki ba. Yara da yawa da irin wannan "bari in sam miki" suka fara, jarrabawa ta zo ta wuce, ƙwayar ta zauna. Ki ce mata kin gode, ki kuma yi mata nasiha idan za ta ji. Matsalarki ma ba ta yawan barci ba ce. Ƙarancinsa ne yake cikin abubuwan da ke cutar da ke, zan zo kan wannan.

Yanzu ga babbar maganar. Yarinyar da ta riƙe izu 20 ba ta da matsalar ƙwaƙwalwa. Kan da ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na Alƙur'ani, da wasali da madda da ayoyi masu kama da juna, ba zai gaza ɗaukar yadda ƙoda take tace jini ba. Kan ɗaya ne, hanyar da kika bi ce ta bambanta, kuma amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki.

Ki tuna yadda izu 20 ɗin nan suka shiga. Malam ya biya miki ƙari, shafi ɗaya ko rabi. Kika maimaita kina kallo har bakinki ya faɗa. Daga nan me kika yi? Rufe Alƙur'anin kika yi. Kika karanto da ka, kika cije a wata aya, kika yi shiru kina lalube, da ta ƙi zuwa kika leƙa, kika sake rufewa kika ɗauko daga sama. Washegari kika durƙusa gaban malam kika ba da hadda, shi yana riƙe da littafi ke hannunki wayam, inda kika kauce ya ƙwanƙwasa benci. Kuma bai taɓa yarda ki yi ta ƙari babu tilawar baya ba. Na jiya sai kin kawo shi yau, na makon jiya yana jiran ranar muraja'a, izun da kika gama bara ma ana iya ce miki ɗauko daga kan sumuni kaza.

To Bayoloji fa? Sau uku kika karance littafin, amma ina da yaƙinin ko sau ɗaya ba ki rufe shi kin ba wa kanki hadda ba. Da za ki je wa malamin Islamiyya ki ce kin kalli shafi sau uku kin ja masa jan layi don haka kin haddace, kin san kallon da zai yi miki.

Abin da ke yaudarar ɗalibai shi ne wannan jin daɗin na "ina karantawa ina ganewa". A karo na biyu da na uku idonki ya riga ya saba da shafin, kin san zanen yana gefen dama, kin san kalmar da ke tafe, karatun yana sulɓi, sai zuciya ta ce an iya. Kamar ki haɗu da mace a gidan biki ne, kin shaida fuskarta sarai har kun rungumi juna, sai aka ce gabatar da ita, sunan ya ƙi fitowa. Shaida abu idan an ajiye miki shi a gaba aiki ne daban, zaƙulo shi daga ka babu kowa a gabanki wani aikin ne daban. Watanni kika yi kina horar da kanki a kan na farko, ranar jarrabawa aka nemi na biyu.

Masana sun auna wannan. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu su koya. Wasu aka bar su suka yi ta maimaita karatun har zama huɗu. Wasu kuwa zama ɗaya aka ba su, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: waɗanda aka sa suka zaƙulo da ka sun riƙe kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kusan kashi 40. Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken, da aka tambaye su tun farko wa yake ganin zai tuna, masu maimaita karatun ne suka fi bugun ƙirji. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa sun bi diddigin dabarun karatu guda goma da ɗalibai suka saba da su. Biyu ne suka fito a sama: gwada kai, da rarraba bita a kan kwanaki. Maimaita karatu da jan layi suna cikin na ƙasa. Wato abin da malaman allo suka gada kaka da kakanni shi ne ya zo na ɗaya, wanda kike kwana a kansa kuma ya zo a baya.

Ga yadda za ki mayar da Bayoloji kan wannan turba. A tsangaya akwai abin da ake kira satu: mai karatu ya ɗauki allo da tawada ya rubuta Alƙur'ani da ka ba tare da ya duba ba, sannan ya kai wurin darasu a bi masa harafi bayan harafi, a nuna inda ya yi tuntuɓe. Shi za ki yi da farar takarda.

Mu ɗauki babin zuciya da zagayawar jini. Ki karanta shi sau ɗaya cikin natsuwa, minti 15 ko 20, ki tabbata kin fahimta. Sai ki rufe littafin ki tura shi nesa, inda hannunki ba zai kai ba sai kin miƙe. Ki ɗauki takarda ki zana zuciya yadda kika tuna. Ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki ta ina yake shigowa? Ɗakin sama na dama. Daga nan ya sauka na ƙasa na dama, a tura shi huhu ya sauke iskar da jiki ya gama da ita ya ɗauko mai amfani, ya dawo ta ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, shi kuma ya harba shi cikin babbar jijiya zuwa ko'ina. Ki sa wa kowane sashe sunansa na Turanci, tunda da shi za a tambaye ki. Za ki cije. Wataƙila sunan murfin da ke tsakanin ɗakunan dama ya ɓace, ko ki rasa wace jijiya ce take dawo da jini daga huhu. Kada ki yi saurin buɗe littafi. Ki yi minti ɗaya kina lalube, don wannan laluben shi ne ainihin karatun, ko da bai fito da komai ba. Idan kin ƙure, sai ki buɗe, ki ɗauki jan biron nan naki ki cike abin da kika bari, ki gyara abin da kika juya. Daga yau aikin jan biro ke nan, gyaran satu, ya bar littafi ya huta.

Ki dubi takardar. Baƙin rubutu shi ne abin da kika sani da gaske, ja shi ne abin da kike zaton kin sani. Ranar farko jan zai yi yawa har ranki ya ɓaci, za ki ji kamar baya kike komawa, ki ce gara karatun da, shi aƙalla yana tafiya. Ki daure. Gara ki ga jan nan a ɗakinku wata uku kafin lokaci da ki gan shi a takardar sakamako.

Sai maganar komawa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincike a 1885, bayan ya daɗe yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zube masa. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta rage sauri. Don haka abin da kika koya yau, idan kika bar shi sai bayan wata biyu, kusan sabon karatu za ki yi. Idan kuwa kika waiwaye shi gobe, wahalar kaɗan ce, kuma duk komawar da kika yi yana ƙara daɗewa kafin ya dushe. Babin zuciyar nan da kika yi yau Asabar, ki sake zana shi da ka gobe Lahadi, minti biyar ya isa. Sai Laraba. Sai Laraba ta sama. Daga nan ki bar shi ya yi mako uku ko wata guda. Ba lallai kwanakin su zama daidai haka ba, abin da ake so tazarar ta riƙa faɗaɗa, kuma kowace komawa a fara ta da rufaffen littafi. Ki ware bayan wani littafin rubutu ki jera sunayen babobi, duk ranar da kika waiwayi ɗaya ki sa kwanan wata a gabansa. Da kallo ɗaya za ki ga wanda aka daɗe ba a gaisa da shi ba.

Ƙananan abubuwa masu yawa, irin alamomin sinadarai, ma'anonin kalmomi, ƙa'idojin Fizis da ma'auninsu, waɗannan kati ya fi dacewa da su. Ba sai kin saya ba, ki yayyanka kwalin sukari ko na sabulu. Tambaya a gaba, amsa a baya, abu ɗaya tak a kowane kati. Ki samo gwangwanin madara uku. Kowane sabon kati yana farawa a na ɗaya, wanda kike dubawa kullum. Wanda kika amsa daidai ya koma na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku. Ya sake tsallakewa, ya tafi na uku, na mako-mako. Wanda kika faɗi kuwa, ko daga na uku ne, ya dawo na ɗaya babu roƙo. Wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan tsari a shekarun 1970, kuma amfaninsa shi ne yana tilasta miki ɓata lokaci a kan abin da ke ba ki wuya. Ɗalibi idan an bar shi da son ransa, babin da ya riga ya iya yake komawa, don shi ne mai daɗi. Ga ki mai aikin gida kuma: kati goma suna shiga aljihu, ana iya juya su kina jiran ruwan tuwo ya tafasa.

Amma akwai inda hadda da karatun kimiyya suka raba hanya, kuma a nan 'yan Islamiyya masu kaifin hadda suke yawan faɗuwa. Alƙur'ani ana riƙe shi ne lafazi da lafazi, ba a sauya ko wasali. Bayoloji idan kika haddace shi haka, ranar da aka juya tambayar kin shiga uku. Kin haddace cewa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, sai a tambaye ki dalili. Idan kin fahimci cewa na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa sai ya kai shi har tafin ƙafa, ko ta ina aka ɓullo za ki amsa. Saboda haka duk abin da kika rubuta a satunki, ki bi shi da "me ya sa?" da "in aka cire wannan me zai faru?" Hanya mafi sauƙi ta gane ko kin fahimta ita ce ki bayyana shi da Hausa. Ki kama ƙanwarki kuna wanke-wanke ki yi mata bayanin yadda abinci yake narkewa, daga baki har hanji, da Hausar da za ta gane. Inda kika ji kin koma jero Turancin littafi don Hausar ta ƙi zuwa, nan ne ba ki gane ba, lafazi kawai kika riƙe. Idan bayanin ya zauna da Hausa, sai ki mayar da shi Turanci a rubuce da kalmomin da mai duba takarda yake nema. Da yawa daga yaranmu ba kimiyyar ce take kayar da su ba, Turancin tambayar ne, don haka kalmomin umarni irin waɗanda ke nufin lissafo, bayyana, kwatanta, bambanta, su ma ki yi musu kati.

Lissafi da ɓangaren lissafi na Kimistiri da Fizis ba a karanta su da ido sam. Kallon misalin da malam ya warware a allo yana da daɗi, kowane mataki yana bin na gabansa, sai ki ce ai mai sauƙi ne. Ki rufe warwarar, ki kwafi tambayar kaɗai, ki yi da hannunki. An ce miki giram 36 na ruwa mol (ma'aunin yawan sinadari) nawa ne: ke ce za ki tuna cewa mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, ki san daga ina 18 ɗin ta fito, ki raba ki samu 2. Idan kin iya nau'i ɗaya, kada ki jera guda ashirin irinsa. Ki cakuɗa su da na babin baya. A musabaƙa alƙali ba ya ce miki ga surar da zan tambaya, daga ko'ina yake jan baki ki ɗora. JAMB ma haka take, tambaya ta 7 daga wani babi, ta 8 daga wani, kuma rabin aikin shi ne ki gane wace ƙa'ida ake nema kafin ki fara lissafi.

Wannan ya kawo mu kan tambayoyin shekarun baya. Kusan kowane ɗalibi yana da littafinsu, kaɗan ne suke amfani da shi yadda ya kamata. Yawanci ana karanta tambaya ne a leƙa amsa a gyaɗa kai, wanda bai da maraba da karatun da kike yi da dare. Ke ki amsa tukuna a takarda, ki gama duka, sannan ki duba. Wadda kika faɗi, ki koma littafi ki nemo dalili, har da dalilin da ya sa sauran zaɓin uku ba daidai ba ne. Ki yi hattara kuma, wasu littattafan na kasuwa akwai kuskure a amsoshinsu, idan amsa ta saɓa wa littafin karatunki ki kai wa malami. Ki nemi manhajar karatu ta JAMB ta darussanki huɗu, ita ce ke faɗa miki iyakar gonar, kada ki ɓata mako a kan abin da ba ya ciki. WAEC kuma tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowane darasi, ana samunsa a shafinsu na intanet. Idan wani malaminku ko yayanki zai buɗe miki na Bayoloji da Kimistiri, zai yi miki amfani ƙwarai.

Ki san kuma da agogo za ki yi kokawa. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Idan kika raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Daga wata na biyu cikin ukun nan, sau ɗaya a mako ki zauna kamar ranar ce ta zo: agogo a gaba, babu littafi, babu tashi, kowa a gida ya san ba a kiran ki. Tunda a kwamfuta ake yin ta, idan hannunki bai saba ba ki roƙi Abba ko yayanki ya kai ki wata cibiyar CBT, inda ake jarrabawa a kwamfuta, ki gwada ko sau biyu ne, kuma idan da hali ki zauna jarrabawar gwajin da hukumar take shiryawa kafin ta gasken. Wani ɓangare na abin da ya same ki ranar da kika ci 38 firgici ne, kuma firgici yana raguwa idan jiki ya saba da zaman. Idan ya sake taso miki a ɗakin jarrabawa, ki ajiye biro, ki ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, ki yi addu'arki, ki tsallake zuwa tambayar da kika sani. Amsa ɗaya tana janyo 'yar'uwarta.

Yanzu barci. Karatun ƙarfe biyun dare da shayi mai ƙarfi, sannan a tashe ki da asuba ki ɗora ruwa ki shirya ƙanne ki tafi makaranta, wannan awa uku ko huɗu ke nan kike samu. Likitoci suna cewa mai shekarunki tana buƙatar awa 8 zuwa 10. Na san a gidajenmu wannan sai a hankali, amma ki yi ƙoƙari ki kai bakwai ko takwas. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, wanda ya hana ta barci ya hana ta ajiya. Ga shi kuma washegari kina aji kina gyangyaɗi, darasin da malam yake yi ya wuce ki, dare ya yi ki zo kina fama da shi ke kaɗai. Asara biyu ke nan. Ki kwanta bayan Isha da wuri, ƙarfe tara da rabi ko goma. Awa ɗaya bayan sallar Asuba da kai sakayau ta fi awa ukun da kike yi kina hamma, kuma ba ta buƙatar fitila mai yawa idan gari ya fara wayewa. Ki ƙara da awa ɗaya da yamma ko bayan Magariba, ki raba ta gida biyu da ɗan hutun minti biyar a tsakani. Sabon abu da safe, bita da kati da yamma. Awa biyu zuwa uku a rana irin wannan, cikin wata uku, aiki ne mai yawa. Idan kina da waya, lokacin karatu ki ba Umma ajiya.

Sai dai duk wannan ba zai yiwu ba sai da Ummanki, don awar asubar nan yanzu ta aikin gida ce. Kada ki je mata da "aiki ya yi min yawa", za ta ji kamar ƙorafi ne, ita ma ba hutawa take yi ba. Ki sami lokacin da hankalinta yake kwance ki ce, "Umma, alfarma nake nema ta wata uku. Daga sallame sallar Asuba zuwa ƙarfe shida da rabi a bar min in yi karatu. Wanke-wanken safe zan yi shi tun da dare, shara kuma su wance su karɓa, in na gama jarrabawa in dawo bakin aikina." Abu mai iyaka da ranar ƙarewa ya fi sauƙin bayarwa. Ki nuna mata takardun satunki ma, ta ga jan biro yana raguwa mako bayan mako. Ƙannenki maza kuma babu abin da zai same su idan suka ɗebo ruwa suka share tsakar gida, amma wannan ki bar Umma ko Abba su faɗa, kada ya fito daga bakinki.

Gwaggonki ƙauna ce ta sa ta nemo miki taimako, ki gode mata, kada ki yi mata gardama. Addu'a kuwa ki riƙe ta hannu bibbiyu, ki nemi ta iyayenki. Abin da ba na so shi ne ki sa wa ranki cewa wani ne ya rufe miki kai, don wanda ya yarda da haka yakan saki aikin da ke hannunsa ya zauna jiran a buɗe. Da baki ne ya kama ƙwaƙwalwarki, da bai zaɓi Bayoloji ya bar miki izu 20 ba. Akwai dai abin da nake so ki lura da shi a jikinki. Idan kina yawan jin jiri, kasala, bugun zuciya in kin ɗan yi tafiya, ko al'adarki tana zuwa da yawa, ki gaya wa Umma a kai ki asibiti a auna jininki, don ƙarancin jini ya yawaita a 'yan mata kuma yana hana hankali tsayawa wuri ɗaya. Haka idan rubutun allo yana yi miki dishi-dishi ko karatu yana sa miki ciwon kai, a duba idonki. Kuma kada ki tafi makaranta da cikin wofi, ko koko da ƙosai ne ki sa a ciki.

Lokaci zai matso da za a fara yi muku tallan amsoshi a waya, a ce a turo kuɗi za a ba ku tambayoyin gobe. Mafi yawansu 'yan damfara ne, wanda aka kama kuma da satar amsa sakamakonsa ake riƙewa ko a soke, kuɗin Abba ya tafi a banza. Ke da kike son ki tsaya a kan marar lafiya da allura a hannu, ilimin ne za ki nema a kanki ranar da babu wanda zai turo miki amsa.

Yau da dare kada ki buɗe babi na ɗaya. Ki nemo takardar jarrabawar gwajin nan da kika ci 38, ki fitar da babobin da kika fi zubar da maki, ki jera su daga mafi muni. Na saman shi ne karatunki na gobe da asuba. Bayan mako biyu ki sake amsa tambayoyin takardar da littafi a rufe, ki rubuto min abin da kika samu, da babin da ya fi yi miki taurin kai, sai mu duba shi tare. Ki gaida Umma da Gwaggo. Allah ya ba da sa'a.